Tsallen Ƙafar Baya da Rabin Buhun Albasa

Tun da na dawo, abokaina na fada, wato majalisar da muke taruwa hira, ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna sai wani ya ce, "Sa'adu, wai da gaske har Badaguishiri ka tafi koyon tsalle?" Wani ya ce in naɗe wando ya ga tabon da ke ƙwaurina. Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma kullum sai in tsince shi a kasuwa an ƙara masa abin da ban faɗa ba. Jiya ma an ce wai amalanke na tsallake da jakinta. Shi ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro, in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Ni tela ne a Konni. Matata Ramatu, wadda tun ranar da na fara ganinta a bakin famfo zuciyata ta bar ƙirjina ta koma tafin hannunta, ta yi yaji ranar wata Talata. Laifina a wurinta ɗaya ne, wai ba na gama abin da na soma. Akwai akurkin kaji da na yi babu ƙofa. Akwai yashi amalanke biyu da na sa aka zube a ƙofar gidanmu don in yi dakali, damina biyu ta wuce a kansa. Akwai kuma rigarta ta Sallah, wadda na zuba wa dukan basirata, na saka mata hannun dama, sai wani littafin soyayya ya faɗo hannuna kafin in kai ga na hagu.

Ranar da abin ya faru ina kwance ina kallo a waya. Wani mutum ne ya ɗaga ƙafar gaban kekensa, ya tsaya a kan ta baya, yana tsalle daga dutse zuwa dutse kamar fara. Na ce, "Hasken idona, zo ki gani. Wallahi wannan ma zan iya koya."

Ta zo ta tsaya a kaina, rigar mai hannu ɗaya rataye a kafaɗarta. Ta dubi wayar, ta dube ni.

"Awo, ka iya," ta ce. "Ran da ka tsallake lambatun ƙofar gidan Baba haka nan bisa ƙafa guda, ran nan zan dawo da ƙafata."

Ta ɗauki mayafinta ta fita, rigar tana kafaɗarta.

Abokaina suka ce maganar fushi ce, ma'anarta har abada. Ni kuwa na karanta littattafan soyayya da suka cika akwati biyu, na san halin zuciyar mace. In tana sonka ba ta ce maka zo. Sharaɗi take gindaya maka, ta koma bayan labule tana kallon ko za ka cika. Kwana uku bayan haka Baba, mahaifinta, ya aiko ƙanensa da saƙo: in zo biko da goro da dattijo ɗaya a kashe magana. Amma in wata ya mutu ban zo ba, to in aiko wa 'yarsa da takardarta, don shi ba ya ajiye matar wani a gidansa. Ran nan wata yana da kwana goma. Na yi nazari. Biko da goro kowane miji ya iya. Ni da tsalle zan je.

Kekena na gado ne, baƙi, mai kariyar ƙarfe wadda mahaifina ya yi shekaru yana ɗora wa buhun hatsi. Na gwada shi a tsakar gida, na ga matsalar farko birki ce: ka matse shi yau, ya kama gobe. Sai na tsallaka iyaka zuwa kasuwar ɓangaren Najeriya neman robar birki. A shinge wani jami'i mai furfura a gashin baki ya karɓi katina, ya ce ina za ni.

"Sayen robar birki, ranka ya daɗe."

"Babu a Konni?"

"Akwai, amma ba irin wadda za ta dawo mini da matata ba."

Ya daɗe yana kallona. Ya miƙo mini katin a hankali, ya ce, "Wuce. Allah ya ba da lafiya."

Tafiyar ba ta kai ta shan shayi ɗaya ba, amma can komai ya sake suna. Moto ya zama mashin, ni kuma na zama oga. Mai kayan keken, wani kakkauran mutum da bai daina taunar rake ba har muka rabu, ya zube mini roba iri uku. Na ce wadda ke kama ƙafa ta tsaya cik nake so.

"Oga, ka makara," ya ce. "Irin wannan mutum ɗaya ke kwashe ta, wani Illo mai gyaran keke daga Malbaza. Ban san abin da suke yi da birki a garin ba, ko ci suke yi."

Gabana ya faɗi, irin faɗuwar da yake yi in ƙaddara ta yi magana. Wanda ke cinye robar birki haka, lalle a kan ƙafa ɗaya yake rayuwa. Mai raken ya lalubo mini guda biyu da suka ɓuya a ƙasan kwali, ya ƙara mini da shawara: in saya wa madam atamfa.

Washegari na hau keke na nufi gabas. Na kai Tsernawa lafiya, ina tsara yadda Ramatu za ta rufe fuska da mayafi hawaye na zuba, sai ƙusa ta shige tayar gaba. Wani direban kamyon siminti da ke komawa Malbaza babu kaya ya tausaya mini. Gaba a cike take, sai ni da keke muka hau baya. Ban san cewa motar siminti, ko an ce babu kaya, da sauran siminti a cikinta ba. Duk ramin da muka faɗa sai gari ya tashi ya sauka a kaina.

Da na sauka na tambayi rumfar Illo, aka nuna mini. Illo, wanda ya girme ni da shekara goma, ya tashi da sauri ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba. A kawo ma Baba tabarma!"

Aka dama mini fura mai laushi saboda haƙora. Na sha, don ban ga dalilin gardama da mai masauki ba. Sai da aka kira azahar na yi alwala, shekara arba'in suka bi ruwa, Illo ya tsaya da buta a hannu yana kallona.

"Kai! Ashe ƙanena na durƙusa ma? Maido min furata."

Nan muka zama abokai. Na faɗa masa abin da ke tafe da ni, tun daga famfo har zuwa rigar, yana saurara yana yi wa tayata faci.

"Ni ban tsalle," ya ce. "Robar nan ta wani tsoho ce, Nomau, mai garkar albasa a Badaguishiri. Duk ranar kasuwa nake aika mishi. Shi kam na gani da idona. Amma kai, mi ya hana ka kai goro?"

Na ce ba zai gane ba.

"Awo, ban ganewa. Shekara ashirin da aure, yaji huɗu, goro huɗu. To ji nan. In ka tahi, ka taka ƙafar tsohon in kana so, ka taka rawaninai, amma kada ka taka fangalin albasa."

A rumfarsa na kwana, tsakanin matattun tayoyi. Ya hura mini tsohon tub na mota ya ce ga matashi. Da asuba na farka kaina a ƙasa, matashin ya sace. Malbaza gari ne da ba a tambayar ƙarfe nawa, sai a dubi ma'aikatan siminti, masu shiga ne ko masu fitowa. Shinkafa da wakensu irin namu ne, sai dai kowa da hannu ɗaya yake ci, ɗayan yana riƙe da faifai don ya rufe kwano in kamyo zai wuce. Mu a Konni in mutum ya rufe kwanonsa da ganin wani abu tafe, rowa muke kiransa. Can kuwa hankali ne.

Daga nan na shiga motar kasuwa. Aka ɗaure kekena a sama tare da wani rago, wanda ya cinye rabin sirdin kafin mu isa. Kusa da ni wata tsohuwa ce mai sayar da gabu, busasshen ganyen albasan nan da ake dunƙulawa don miya. Ta tambaye ni abin da ya rame da ni. Na ciro wasiƙar da nake rubuta wa Ramatu tun ranar da ta tafi, shafi tara, na fara karanta mata. A shafi na biyu barci ya kwashe ta. Sai da muka fara gangarawa kwari ta farka ta ce, "To, ɗana, ta dawo?"

Badaguishiri ƙamshin albasa ne ke tarye ka tun ba ka ga gari ba. Kwarin kore shar da tsakar rani, injunan ban ruwa na ta kuka. Gaisuwarsu ma ta bambanta da tamu. Mu muna fara tambayar iyali, su kuwa albasa suke fara tambaya, sannan ruwa, in lokaci ya rage a tambayi yara. Garkar Nomau tana can ƙarshen kwari. Fangali ɗan fili ne murabba'i da ake dasa albasa a ciki, an kewaye shi da kunya wadda faɗinta bai wuce tafin hannu ba, ga hanyoyin ruwa sun ratsa ko'ina. A kan irin wannan kunya na fara ganinsa.

Tsoho ne siriri mai farin gemu, wando a naɗe zuwa gwiwa. Kekensa na tsaye a kan ƙafar baya, rabin buhun albasa ɗaure a kariya, yana tafe tsal, tsal, tsal. Da ya zo kwana sai ya yi 'yan tsalle uku a wuri ɗaya ya juya. Da ya zo hanyar ruwa sai ya duƙa, ya harbi feda, ya dira a wancan gefen, ganye ɗaya bai motsa ba. A bakin garka, inda amalanke ke jira, ya ja wata igiya da ke ɗaure a kan keken, ƙullin ya warware, buhun ya faɗa cikin amalanke, ƙafar gaba ta sauko. Tayar gaban nan har yanzu gashin sabuntarta bai kakkaɓe ba.

Na durƙusa a gabansa. Na ce, "Baba, na zo gare ka da zuciyar da kewa ta ƙone, da idon da barci ya ƙaurace wa, da..."

"Ka ci abinci?"

Na ce ban ci ba. Ya miƙo mini albasa guda. Ina ci ina ba shi labari.

"Matarka ta ce ka yi tsalle?"

"Ta ce."

"Da bakinta?"

"Da bakinta, Baba."

Ya shafa gemu. "To, mata sun sake."

Na tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce jaki. Wata shekara jakinsa ya zauna masa a kan ƙafar gaba ta lanƙwashe, ga albasa ta nuna, ita kuwa ba ta jiran mai gyara. Sai ya ɗora buhu a baya, nauyin ya ɗaga gaban, ya ci gaba da abinsa. Da aka gyara ƙafar ya ga ƙafa biyu na rusa masa kunya a kwana, ƙafa ɗaya ba ta rusawa. In ya sauke buhu sai ya saɓa keken a kafaɗa ya koma da ƙafa. Na ce me ya hana ya ɗauki buhun a ka tun farko? Ya ce wuyansa ya tsufa, keke kuma ya fi buhu sauƙi.

Ya karɓe ni bisa sharaɗin in taya shi jigila. Ya cire ragowar sirdin da rago ya bari, ya ce mai tsalle ba ya zama. Ya rage iskar tayar baya har babban yatsa na nutsewa. Ya saka mini sabbin robobin, ya goge bakin ƙarfen ƙafar da dutse don birki ya ciza. Sannan ya ɗaure mini rabin buhu a kariya da irin ƙullinsa, ya miƙo mini bakin igiyar.

Darasin farko tsayuwa ce. Ka hau, feda biyu daidai, ƙafar da ka fi yarda da ita a gaba, birki a matse, kada ka tafi, kada ka sa ƙafa a ƙasa. Ya ce in kafa ido a kan abu ɗaya mai nisa. Na zaɓi wani mangwaro, na zana fuskar Ramatu a cikin ganyensa. Duk lokacin da ta yi mini murmushi sai in faɗi. Kwana biyu ina faɗuwa.

"Mi kake kallo?" in ji Nomau.

"Fuskar masoyiyata, Baba."

"Kalli jakin can. Shi bai murmushi."

Na koma kallon jaki. A rana ta huɗu na tsaya har wata kaza ta zo ta kwanta a inuwata.

Darasi na biyu shi ne ɗaga gaba. Ka matse birkin baya da yatsu biyu, ka miƙe hannuwa, ka jefa ƙugunka baya kamar mai shirin tsuguno, buhun ya ƙarasa sauran aikin. Da gaban ya tashi sai ka fara 'yan tsalle ƙanana da gwiwa da yatsun ƙafa, kamar wanda ya taka yashi mai zafi babu takalmi. Na faɗa a kan buhun nan da baya sau da yawa har ni da shi muka zama wari ɗaya. Na uku shi ne harbi: ka duƙa, ka saki birki ƙiftawar ido, ka harbi feda, ka sake kama birkin tun kana sama. In ka yi jinkirin saki, keken ya tsaya kai ka wuce. In ka yi jinkirin kamawa, keken ya wuce kai ka tsaya. Duka biyun na ɗanɗana.

Inna Hassi, matar Nomau, ita ke ciyar da ni. Tuwon dawa da miyar gabu, dambu da albasa, kunun safe ma sai an ajiye maka guda a gefe kamar kyauta. Makwancina kusa da rudu yake, wato bukkar da suke adana albasa a ciki. Kowace safiya sai in farka ido na zubar da ruwa, in ce Allah sarki, ko a barci ma kewarta ba ta barina. Na faɗa wa Inna Hassi. Ta ce, "Ɗana, ko mai gyaran inji da ya kwana nan ya yi kuka, shi kuwa matansa na gida."

Ran da wata ya kwana ashirin da huɗu na tsallake hanyar ruwa ta farko. Na ji tayar ta dira a kan kunya, daɗi ya ɗebe ni, na ɗaga kai sama na kira sunan Ramatu da ƙarfi. Na manta da birki. Ni da keke da buhu muka kwanta cikin fangalin wata dattijuwa, Gwamma, maƙwabciyar Nomau, wadda jiya-jiya ta gama dashe.

A Konni da an yi ihu, an taru, an ba da haƙuri, an watse. Nan ba wanda ya ɗaga murya. Injin da ke kusa ma kashe shi aka yi. Gwamma ta zo ta tsaya, ta dubi irin da na kwantar, ta tafi ta dawo da tsinke da ƙwarya ta ajiye a gabana. Nomau ya bayyana mini al'adar: wanda ya kwantar da fangali shi zai sake dasa shi ɗaya bayan ɗaya, ya ba shi ruwa safe da yamma, kuma ba ya barin gari sai irin ya miƙe.

Na ce, "Inna, ki dubi Allah. Kwana biyar suka rage wa aurena."

"Matarka tana da ƙafafu, ta iya tsayuwa da kanta," ta ce. "Albasata sai an tsayar da ita."

Na tsuguna. Tsinke ya huda, in sa iri, in danna ƙasa, in matsa. Gwamma na zaune a kan kunya tana duba layi, in ya karkace ta ce, "Tela, haka kake ma mutane ɗinki?" Sau biyu na yi niyyar saɓa keke in gudu, sau biyu na tarar da Nomau zaune a kan kariyarsa yana yankan farce. Tsakanin ban ruwan safe da na yamma ina ta harbi a bakin garka, cinyoyina da tsuguno ya ƙarfafa suka fara jin magana. A safiya ta huɗu na zo da ƙwarya na tarar irin ya miƙe, layi-layi, tun daga wannan kunya har waccan, babu gurbi ko ɗaya. Na daɗe a tsaye. Na nemi abin da na ji a cikin dukan littattafan da na karanta, ban same shi ba.

Da zan tafi Nomau ya ɗaure mini rabin buhu da hannunsa. "Da wanga ka koya, da shi za ka yi."

Na ce, "Baba, in mutum bai ja igiya ya yar da kaya ba, yaya ake saukowa?"

Ya yi tunani. "Ban sani ba. Ban taɓa buƙata ba."

Na isa Konni ran ashirin da tara ga wata, bayan la'asar, na zarce gidan Baba. Lambatun na nan, faɗinsa taki ɗaya mai kyau, baƙin ruwa kwance a ciki, katako ɗaya a kai. Baba na zaune a ƙofar zaure da dattawa biyu. Na tura keke ta kan katakon, na jingina shi da bango, na tuɓe takalma, na tsuguna nesa kaina a ƙasa. Ina cikin gaisuwa na ji muryar surukata a bayana.

"Allah shi yi albarka! Ashe da hankalinai. Albasar Badaguishiri ce fa!"

Kafin in ɗago, ita da wata maƙwabciya sun ja igiya, sun ciccibi buhun sun shige da shi. Ba a zuwa biko hannu sake, ita kuwa ta ga kaya a bayan keken suruki. Duk wanda ya san kunyar surukai ya san ko wuƙa aka sa mini a wuya ba zan ce a maido ba.

"Ina dattijonka?" in ji Baba. "Ina goro?"

"Baba, da tsalle na zo."

Na yi bayani. Ɗaya dattijon ya ja rawani ya rufe baki. Baba ya juya wajen zaure.

"Ramatu! Kin ce haka?"

Muryarta ta fito daga bayan ƙofa. "Na ce, Baba, amma ai..."

"To, magana ta fita. A ɗauke katakon. In ya tsallake, ki bi mijinki. In ya faɗa, daga cikin lambatun zai rubuto takardar."

Aka janye katako. Ba a sa takalmi a gaban suruki, sai na hau fedar ƙarfe da tafin ƙafa. Na tsaya, na nemi jaki ban gani ba, na kafa ido a kan wani turmi a wancan gefen. Na matse birki, na jefa ƙugu baya. Gaban ya tashi kamu ɗaya ya koma. Na sake, ya koma. Mutanen unguwa suka fara taruwa. Na sake na uku, ya koma da ƙara. Gumi ya jiƙa mini riga, na ga auren da na gina da wasiƙu yana gangarawa cikin baƙin ruwan nan.

Sai ga Ramatu ta fito, lulluɓe da mayafi. Ta zo dab da ni ta yi ƙasa da murya.

"Mi ya faru? Ka iya ko ba ka iya ba?"

Na buɗe baki in ce hasken idona, in ce tauraruwa, amma duk suka gudu. Abin da ya rage shi na faɗa.

"Na iya. Nauyi ne babu. Rabin buhu nake buƙata a baya." Na dube ta sama da ƙasa da idon tela. "Ke kin kai."

"Ni ce rabin buhun albasa?"

"Har da ɗan ƙari."

Ta daɗe tana kallona, gefen bakinta na rawa. Ta ce, "Tunda na aure ka yau ka fara gaya min abin da zan iya aunawa." Ta tattara zane ta hau kariya. Da ta zagayo da hannuwa ta riƙe ni, na ga na dama cikin hannun riga, na hagu babu. Rigar ce a jikinta.

Na matse birki, na jefa ƙugu baya, gaban ya tashi kamar yana jira. Tsal, tsal, tsal, har bakin lambatu. Na duƙa, na saki, na harba, na kama. Muka dira a wancan gefen, mata suka rangaɗa guɗa. Na ji Baba yana cewa, "To, kun gani dai, da kanta ta fita."

"Tsaya haka nan," in ji Ramatu. "Sauke ni."

"Ban iya ba."

"Kamar yaya ba ka iya ba? Shi tsohon yaya yake tsayawa?"

"Yar da kayan yake yi."

Muka ƙara tsalle uku. Sannan ta ƙara ƙanƙame ni. "To kada ka tsaya."

Gida tara ne tsakanin gidan Baba da namu, da kwana ɗaya. Muka bi layi a kan ƙafa guda, jama'a na biye da mu. Mai shayi ya ɗauke bencinsa daga hanya. Wani liman ya yi mana sallama, muka amsa a sama. Tafin ƙafata ya tsage, cinyoyina suka kama wuta, yatsuna biyu suka mutu a kan birki. A kwanar na yi 'yan tsalle uku na juya kamar yadda na gani a garka, Ramatu tana ta salati a kunnena tana haɗawa da dariya. Da muka hango ƙofarmu ƙarfina ya ƙare sarai. Abu ɗaya kawai na gani, tulin yashin nan amalanke biyu, wanda damina biyu ta wanke ya yi laushi. Na nufe shi da harbin ƙarshe, muka zube a kai mu uku. Feda ta yanke ni a ƙwauri, tabon da kuke ta tambaya ke nan. Ramatu ta tashi zaune tana tofar da yashi, ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Hannun rigar na saka shi a yammacin nan, kafin a ga sabon wata. Washegari Baba ya aiko cewa tsalle bai zama goro ba, sai da na nemi dattijo na kai. Illo ya ji labari ya aiko a gaya mini ai ya faɗa. Akurki ma ya samu ƙofa a satin. Da na zo kan dakali, na ɗauko cebur na nufi yashin, Ramatu ta tare ni a ƙofa. Ta ce muddin keken nan yana gidan, yashin nan yana nan inda yake, kuma in na kuskura na taɓa shi za ta koma gidan Baba, wannan karon a kan ƙafar gaba za ta gindaya sharaɗin.